Baiwar Allah a Lupwe: Labarin Johanna Veenstra

Karatu: Romawa 16:1-16, Matiyu 25:14-30

 Cikin wasiƙun da masu sauraro suke aiko mana akwai wata tambaya da ba ta gajiya da dawowa, ita ce, ina matsayin mace cikin aikin Ubangiji? Mata suna tambaya, maza ma suna tambaya. Wata takan ce tana jin kira a zuciyarta amma dattawan ikkilisiya sun ce ta zauna. Wani kuma yakan rubuto da damuwa, yana tsoro kada ikkilisiya ta bi iskar zamani ta saki Maganar Allah. Dukansu biyu 'yan'uwanmu ne, kuma dukansu suna neman gaskiya. Kafin mu buɗe ayoyin da ake gardama a kansu, ina so in ba ka labarin wata mace da ta mutu tun shekara ta 1933, gama wani lokaci rayuwar mai bi ɗaya takan koya mana abin da doguwar mahawara ta kasa koyarwa.

Itace ɗaya, rassa biyu

Bari mu fara daga Alshajara, unguwar da ke kudancin Khartum a bakin Farin Nilu. Ma'anar sunan da Larabci ita ce itace, domin wani babban itace da ya taɓa tsayawa a wurin. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, Alshajara ta zama ɗaya daga cikin wuraren da wuta ta fi ci, saboda barikin sojan da ke cikinta. A wannan unguwa akwai gidan sistocin Katolika da ake kira Dar Mariam. Sistocin ba su gudu ba. Suka buɗe ƙofa ga mata da yara, suka raba ɗan abincin da suke da shi, har bom ya faɗa kan gidan cikin Nuwamba na shekarar nan, sai a 2024 aka samu fitar da su. A ranakun nan na tsoro ba wanda ya tsaya tambaya ko ya halatta mace ta riƙe garken Allah. Mai yunwa ba ya duban hannun da ya miƙo masa tuwo.

Masu bi da yawa a Khartum da Omdurman asalinsu daga Duwatsun Nuba ne, kuma da yawa cikinsu 'ya'yan Ikkilisiyar Kristi ta Sudan ne. Wannan ikkilisiya ta fito daga aikin ƙungiyar mishan ta SUM, wadda masu aikinta daga Ostareliya da Niyuzilan suka buɗe tasha a Heiban a 1920. SUM ɗin nan ita ce wadda Dokta Karl Kumm da matarsa Lucy suka kafa a 1904, ita ce kuma ta yi aiki a ƙasashen Filato da Binuwai a Nijeriya. A zamanin nan in Turawa suka ce Sudan, suna nufin dukan ƙasar da ta miƙe kudu da hamada, daga kogin Kwara har zuwa Nilu. Kumm da kansa ya keta wannan ƙasa har ya iso Khartum a 1909. To, ka gani, itacen ɗaya ne: reshe ɗaya ya miƙa zuwa Nilu, ɗayan ya miƙa zuwa Binuwai. Macen da za mu yi labarinta a reshen Binuwai ta yi aiki.

Marainiya a Amurka

An haifi Johanna Veenstra ranar 19 ga Afrilu 1894 a garin Paterson, cikin jihar New Jersey ta Amurka. Iyayenta daga zuriyar mutanen Holan suke, 'yan ikkilisiyar da ake kira CRC, wadda aka sani da riƙon koyarwa da tsananin tsari. Mahaifinta kafinta ne, daga baya ya ji kira, ya shiga makaranta, aka naɗa shi fasto a jihar Michigan. Bai cika shekara guda a kan aikin ba zazzaɓin taifod ya ɗauke shi, Johanna kuwa ba ta kai shekara goma ba. Mahaifiyarta ta kwashe 'ya'yanta ta koma Paterson, ta buɗe kanti domin ta ciyar da su.

Ka lura da wannan, ɗan'uwa. Mutum na farko da Johanna ta gani yana ɗauke da nauyin gida dukansa mace ce, gwauruwa, ba miji, ba albashi. Wannan ita ce makarantarta ta fari. Tana da shekara 14 ita ma ta fara aikin akawu a birnin New York, kullum tana shiga jirgi ta tafi ta dawo, domin ta taimaki gida.

Tana cikin ƙuruciyarta ta ba da ranta ga Yesu, a 1913 kuwa ta shiga makarantar horar da masu aikin bishara a Brooklyn. A 1915 ta tafi wani taro a Lake Geneva, cikin jihar Wisconsin, inda ta ji Dokta Kumm yana ba da labarin kabilun Sudan da ba su taɓa jin sunan Yesu ba. Maganar ta kama zuciyarta, ta miƙa kanta ga SUM. Amma ƙa'idar ƙungiyar ita ce ba a aika mutum sai ya cika shekara 25. Wata da sai ta yi fushi ta ce an raina ta. Johanna ba ta zauna hannu rabbana ba. Ta yi aikin bishara cikin unguwannin Grand Rapids, ta ƙara karatu a Kwalejin Calvin, ta kuma koyi aikin ungozoma a New York. Sannu ba ta hana zuwa. Shekarun jiran nan su suka shirya hannuwan da za su karɓi haihuwa, su wanke gyambo a bakin Binuwai.

Daga Legas zuwa Lupwe

Ta bar New York cikin Oktoba 1919, ta bi ta Ingila, ta sauka Legas cikin Janairu 1920. Daga can ta haura zuwa Ibi a bakin kogin Binuwai, inda SUM take da babbar tasharta. Aikinta na fari shi ne koyon Hausa, harshen nan da kake karantawa yanzu, gama shi ne harshen kasuwa da na hanya tsakanin kabilun yankin. A 1921 aka kai ta Lupwe, kusa da Takum, cikin jihar Taraba ta yau, tsakanin mutanen Kuteb waɗanda a lokacin da yawansu suna zaune a kan duwatsu. Ba da daɗewa ba riƙon tashar ya koma hannunta.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani. A 1920, shekarar da ta taka ƙasar Nijeriya, babban taron ikkilisiyarta a Amurka ya zauna domin ya zaɓi ƙasar da zai aika masu bishara, ya zaɓi ƙasar Sin. Wato Johanna ta zo Afirka ba a ƙarƙashin hukumar ikkilisiyarta ba. Ikkilisiyoyi ɗai-ɗai da masu bi da suka amince da ita su suka riƙa tara kuɗin tallafinta. Duk da haka ba ta fita daga ikkilisiyar ba, ba ta kuma zage ta ba. Duk lokacin da ta koma hutu sai ta zaga tana ba da labarin aikin, tana roƙo a karɓe shi. A 1926 ta buga littafi a kansa.

A Lupwe ta riƙe ɗakin magani, ta riƙe makarantar kwana inda samari suke koyon karatu da rubutu da Maganar Allah. Ta yi tafiya da keke inda akwai hanya, inda babu kuwa ta hau duwatsu da ƙafa, tana shelar bishara ƙauye ƙauye. Ka tuna, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932, saboda haka yawancin shekarunta da sassa-sassa na Littafin ta yi koyarwa. Burinta shi ne 'yan ƙasa su ɗauki aikin da kansu, su kai bishara ga danginsu da harshensu, ikkilisiya ta tsaya da ƙafafunta ba da jiran Bature ba.

Ba na so in mai da ita mala'ika. 'Yar zamaninta ce, kuma cikin rubuce-rubucenta akwai kalmomin da ta siffanta mutanen ƙasar da su waɗanda yau ba za mu yarda da su ba. Allah bai taɓa jiran cikakken mutum kafin ya yi aiki ba, ko namiji ko mace. Amma ta ƙaunaci mutanen nan, ta zauna a cikinsu, ta ba su ƙuruciyarta dukka.

Cikin 1930 wata mace mai suna Nelle Breen ta zo ta taya ta, daga baya kuma Jennie Stielstra da Bertha Zagers suka biyo. A 1933 ciwo ya kama Johanna, ta tafi asibitin mishan na Vom kusa da Jos, aka yi mata aiki a ciki. Bayan aikin zuciyarta ta kasa, ta huta ranar 9 ga Afrilu 1933, ran Lahadin ganyen dabino, saura kwana goma ta cika shekara 39. A Vom aka binne ta.

Abin da ya tsiro bayanta

Da mutum zai ce aikin ya mutu tare da ita. Matan nan uku suka ci gaba, daga baya Edgar Smith, wanda ya auri Nelle Breen, ya jagoranci aikin. A 1940, shekara bakwai bayan mutuwarta, ikkilisiyar CRC ta karɓi filin Lupwe, abin da Johanna ta roƙa ba ta gani da idonta ba. A 1947 aka naɗa Istifanus Audu, ɗan ƙasa na farko da ya zama fasto a wannan filin aiki. Daga wannan tushe ikkilisiyoyin CRCN da RCCN na Nijeriya suka fito, kuma makarantar horar da fastoci ta Donga sunan Veenstra take ɗauke da shi.

Yanzu ga abin da nake so ka tsaya ka auna. Ba a taɓa naɗa Johanna fasto ba. Bisa ga tsarin ikkilisiyarta, baftisma da Jibin Ubangiji aikin naɗaɗɗen fasto ne, mace kuwa ba ta samun wannan naɗi. Har ranar da ta mutu, matan ikkilisiyarta a Amurka ba su da ko izinin jefa ƙuri'a a taron ikkilisiya, sai a 1957 babban taro ya yarda da haka. A 1984 aka buɗe musu aikin dikon, a 1995 kuma aka ba yankunan ikkilisiyar izinin naɗa mata dattawa da fastoci in sun ga dama, abin da ya sa waɗansu suka fice. Wato macen da take koya wa maza Maganar Allah a Lupwe, ta shirya su su zama masu bishara, in ta koma gida ba za a ba ta bagadi ba. Abin da aka hana ta a Grand Rapids, shi aka tara kuɗi aka aike ta ta yi a Takum. Wannan ba laifin ikkilisiya ɗaya ba ne. Ƙungiyoyin mishan da yawa na zamanin haka suka yi, suka aika mata zuwa wuraren da maza ba su samu zuwa ba.

Ayoyin da ake gardama a kansu

Masu cewa shugabancin ikkilisiya na maza ne ba daga kansu suka ƙago ba. Suna nuna 1 Timoti 2:11-12, inda Manzo Bulus bai ba mace izinin koyarwa ko mulki bisa namiji ba, da 1 Korantiyawa 14:34-35 a kan yin shiru cikin taro, da Afisawa 5 a kan miji da mata. Suna cewa namiji da mace darajarsu ɗaya a gaban Allah, amma aikinsu dabam, kuma Yesu ya zaɓi maza goma sha biyu. Manyan ikkilisiyoyi da dama a arewacin Nijeriya a kan wannan suke tsaye.

Masu cewa a buɗe wa mata kowane aiki su ma daga Littafin suke magana. Suna nuna Farawa 1:27, inda aka halicci namiji da mace cikin siffar Allah, da Galatiyawa 3:28 a kan zama ɗaya cikin Kristi. Suna tuna mana da Debora wadda ta yi shari'ar Isra'ila a ƙarƙashin itacen dabino, da annabiya Hulda wadda sarki Yosiya ya aika manyan fadawansa wurinta, da Maryamu Magadaliya wadda ta fara kai labarin tashin Ubangiji, da Bilkisu wadda tare da mijinta Akila suka ƙara wa Afolos haske, da 'ya'ya mata huɗu na Filibus masu annabci. Suna cewa hanin da Bulus ya yi domin wata matsala ce ta Afisa da Koranti. Ikkilisiyar Presbiteriyan ta Nijeriya ta naɗa mace fasto a 1982, Ikkilisiyar Episkofal ta Sudan ta yarda da naɗa mata a 2000, a ƙarshen 2016 kuwa aka keɓe Elizabeth Awut Ngor mataimakiyar bishop a Rumbek, cikin Sudan ta Kudu.

Ba zan yanke maka wannan shari'a cikin shafi biyu ba, gama masu tsoron Allah da suka fi ni karatu suna tsaye a ɓangarorin biyu, kuma kowace ikkilisiya tana da majalisarta. Amma akwai abin da rayuwar Johanna ba za ta bar ɓangare ko ɗaya ya tsallake ba. Ka sake karanta Romawa 16. Bulus ɗin da ya rubuta wa Timoti, shi ne ya ambaci mata kusan goma a wannan sura, ya fara da Fibi ta ikkilisiyar Kankiriya, ya ce a karɓe ta a taimake ta, ya yaba wa waɗansu saboda wahalar da suka sha cikin aikin Ubangiji. Duk fassarar da muka yi wa ayoyin hani, in ta sa mun kasa gaishe da mata yadda Bulus ya gaishe su, mun ɓata hanya a wani wuri.

Gare ka, gare ki

Ɗan'uwa, kai fasto ko dattijo ko maigida, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yana da sauƙi mu ga kuskuren mutanen Amurka na shekara ɗari da suka wuce. Mu fa? In lokacin tara kuɗin gini ya yi, Zumuntar Mata muke nema. In akwai makoki, ko mara lafiya, ko baƙi, su muke kira. In yaƙi ya watsa maza, kamar yadda ya faru a Khartum da wurare da yawa a ƙasashenmu, su suke tara yara su yi addu'a. Amma in an zauna shawarar yadda za a kashe kuɗin, ko wa za a aika makarantar Littafi Mai Tsarki, sau nawa muke tambayarsu? Ko da kana riƙe da cewa naɗi na maza ne, ba ayar da ta ce ka cire 'yarka daga makaranta domin ɗanka ya ci gaba. Ba ayar da ta ba ka izinin zagin matarka, balle duka. Afisawa 5 ɗin da kake so ka karanta mata, ita ce ta ɗora maka ka ƙaunace ta irin ƙaunar da ta kai Kristi kan gicciye. Cikin misalin da muka karanta a Matiyu 25, an hukunta bawan da ya binne abin da aka damƙa masa. Ina tsoro domin wanda ya binne na wani.

'Yar'uwa, ke kuma ki dubi Johanna. An ce ta jira shekaru, ta mai da jiran makaranta. Ikkilisiyarta ta zaɓi wata ƙasa, ba ta yi ɗaci ba, ba ta kuma yi shiru ba, ta ci gaba da roƙo a fili har mutuwa. Ba ta jira a ba ta suna kafin ta fara aiki ba. Ban ce ki daina tambaya ba, gama tambayar halal ce, ki kai ta gaban shugabanninki da ladabi da Littafi a hannu. Amma kada jiran amsa ya sa baiwarki ta yi tsatsa. Akwai yaran unguwa da ba su iya karatu ba, akwai gwauraye, akwai waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, akwai maƙwabciyar da ba ta taɓa jin bishara ba. In ƙofa ɗaya a rufe take, ki shiga ta wadda take a buɗe, ki kuma shirya kanki da karatu domin ranar da Ubangiji zai buɗe wata.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Girbi yana da yawa daga Nilu har Binuwai, kuma Ubangijin girbi bai ba rabin ma'aikatansa baiwa domin su tsaya a bakin gona suna kallo ba. A ranar ƙarshe, kai da ita za ku tsaya gaban kursiyi ɗaya, kowa ya ba da lissafin abin da aka damƙa masa.

Abin yi a wannan mako: Ka rubuta sunayen mata uku da Allah ya yi amfani da su wajen kawo ka ga bangaskiya ko ƙarfafa ka a cikinta. Wadda take da rai, ka je ko ka aika ka yi mata godiya. Ka kuma tambayi kanka, akwai wata a gidana ko ikkilisiyata da nake tare wa hanya?

Addu'a: Ya Uba na sama, mun gode maka domin baiwarka Johanna Veenstra da dukan matan da suka sha wahala cikin gonarka ba a san sunansu ba. Ka gafarta mana inda muka raina baiwar da ka ba 'yan'uwanmu mata. Ka ba ikkilisiyarka hikima da tawali'u yayin da take bincika Maganarka a kan wannan al'amari, kada gardama ta raba abin da jinin Ɗanka ya haɗa. Ka tuna da mutanenka a Alshajara da Khartum da Omdurman da dukan Sudan, ka ba ƙasar salama. Ka sa kowannenmu, namiji da mace, ya zama amintaccen bawa har ka dawo. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu, Amin.